BAKIN ZANGO: Wannan Kalma Ta "Chop"

A wannan fili namu na kowane wata mukan ɗauki kalma guda daga cikin masu yawo a bakin mutanen Zango, mu juya ta mu ga abin da ke ƙarƙashinta. Kalmar wannan wata ta Turanci ce, amma ba ma tsammanin akwai gidan haya ɗaya daga Kotobabi zuwa Nima, ko daga Maamobi zuwa Alajo, da rana za ta fito ta faɗi ba a furta ta a tsakar gidansa ba. Kalmar ita ce "chop". Da za mu bi ƙa'idar rubutun Hausa da sai mu rubuta "cop", to amma mun bar ta da rigarta ta Turawa domin yaranmu 'yan makaranta su shaida ta.

Ku dubi yadda take wuni tare da mu. Da sassafe, kafin maigida ya sa ƙafa waje, uwargida ta tare shi a bakin ƙofa da zancen "chop money", wato kuɗin cefane. Da rana lebura da makanike su nufi "chop bar", inda ake sayar da fufu da banku. Yaron da ya samu makarantar kwana a Tamale ko Kef Kos ba zai tafi ba sai kafinta ya buga masa "chop box", akwatin katakon nan da ake cika wa da garin rogo da shito da sukari da Milo da kifin gwangwani. In Hearts ta doke Kotoko, samarin da ke zaune a bakin titi su ce an yi "chop" ɗinsu. Ɓarawon waya in dubunsa ta cika a tasha, sai ka ji an ce "he chop slap". Wanda ya zo na ƙarshe a aji, "he chop last". Wanda aka ba muƙami, "he chop post". Wanda bashi ya yi wa katutu, mai gida na binsa kuɗin haya, shi kuma ya ce "I chop hot". Ranar idi kuwa kowa "chop Sallah" yake yi. Akwai wata ma'anar da samari ke nufi in suna hirar mata, wadda ba za mu rubuta ba a jaridar da ke shiga hannun iyaye da 'ya'ya. Wanda ya sani ya sani.

To abin mamaki, in ka kwashi waɗannan duka ka kai wa Baturen Ingila, da wuya ya gane ko guda. A wurinsa "chop" sara ne, kamar saran itace da gatari ko yanka albasa a kan katako. Yankin naman rago mai haɗe da ƙashi shi ma "chop" yake ce masa. In ya ce ma'aikaci ya samu "the chop", to ba abinci aka ba shi ba, korarsa aka yi daga aiki. 'Yan'uwanmu da ke Landan su kiyaye wannan, kada a gaya wa mutum an sallame shi ya yi godiya. In Bature ya tafa hannu ya ce "chop-chop", cewa yake yi a yi sauri, alhali kuwa a nan Gana "chop-chop" ita ce almundahana da dukiyar jama'a. A Amurka, inda 'yan Nima suka yi yawa a unguwar Bronx ta birnin Niyok, "chop shop" wurin da ake farfasa motocin sata ne a sayar da kayansu, saboda haka mai jin yunwa kada ya tambayi ɗan sanda hanyar zuwa can. A Honkon da Maleshiya kuma "chop" hatimi ne da ake buga wa takarda. Kowace ƙasa dai ta ɗauki kalmar ta ɗora mata nata kayan.

Namu kayan ya daɗe a kanta. Tun ƙarni na 19 "chop" ke nufin ci a gaɓar tekun nan tamu, a cikin Turancin da fatake da ma'aikatan jirgin ruwa da kukun Bature ke yi da juna. Su kansu Turawan mulki sun koya, har suna kiran miyar manja da kukunsu ke dafa musu "palm oil chop", 'yan ƙananan abubuwan taɓawa kafin abinci kuma "small chop". Buroka, wato Turancin titi, ya shigo ƙasar nan ta bakin Kurawan Laberiya masu aikin tashar jirgin ruwa, da kuma ta bariki, inda sojoji da 'yan sanda daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu. Kakanninmu suna cikin wannan tarihi tsundum. Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausawa daga Ikko a yaƙin da Turawa suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, daga nan kuma Hausa ta zama harshen bariki shekaru da yawa. Da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, sai wurin ya zama masaukin kowa: Bahaushe, Bazabarme, Bafillace, Mosi, Kotokoli, Dagomba, Wangara, Frafra. Hausa ta haɗa su a cikin unguwa, buroka ya haɗa su da mutanen gari. Ba banza ba wani masani Bajamushe, Magnus Huber, da ya tashi rubuta littafinsa a kan burokan Gana, wanda ya fito a 1999, ya zo nan Nima ya ɗauki maganar mutane. Waɗanda aka koro daga Nijeriya a 1983 su ma sun dawo da nasu ƙarin gishirin.

Amma tambayar da ta fi damunmu ita ce, me ya sa kalmar da ke nufin cin abinci ta bazu haka har ta kai ga muƙami da ƙwallo da Sallah da kuɗin jama'a? Amsar tana cikin bakinmu. Wannan "chop" ɗin ba kowa ba ce, "ci" ɗinmu ce ta sa kwat da wando.

Ku gwada ku gani. Bahaushe yana cin tuwo, yana kuma cin kasuwa, shi ya sa muke cewa kasuwar Nima tana ci ranar Laraba. Yana cin riba, yana cin bashi, yana cin gado. Yaro ya ci jarrabawa, ɗan takara ya ci zaɓe, ɗan wasa ya ci ƙwallo, ɗan sarki ya ci sarauta, amarya ta ci ado. Kakanninmu da yawa cin rani ya kawo su ƙasar nan, suka ga wuri suka zauna. Wuta tana cin gida, ruwa yana cin mutum, alƙali yana cin mai laifi tara. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya nemi wannan 'yar kalma mai harafi biyu zai sha karatu kafin ya ga ƙarshenta. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Tonawa suna da "di": da ita suke cin abinci, da ita suke cin sarauta su ce "di hene", da ita suke cin kasuwa su ce "di dwa", da ita suke cin nasara su ce "di nkonim", da ita kuma suke cin Kirsimeti su ce "di Bronya". Mutanen Ga, masu ƙasar da muke zaune a kai, suna da "ye" mai irin wannan aiki, Ewe kuma suna da "du". Wato mutanen da suka haɗu a tashar jirgi da bariki da kasuwa kowa ya zo da "ci" ɗinsa a ciki, suka tarar da "chop" a bakin Bature, suka juye mata duka. Saboda haka in Baba tsoho ya ji jikansa ya ce "we chop Sallah" ya ɓata fuska wai yaro ya zama Bature, to ya sassauta. Hausa yaron ya yi, baƙaƙen ne kawai na Turawa.

Sai dai rigar aro ba ta rufe katara. Akwai abin da ya zube a hanya wajen juyen nan, kuma shi ne dalilin da ya sa muka zaɓi kalmar.

Hausa ba "ci" kaɗai gare ta ba, tana da "sha". Galibi mai ci shi ne wanda abin ya yi wa daɗi ko ya fi ƙarfi, mai sha kuwa shi ne wanda abin ya faɗa wa. Wannan ya ci zaɓe, wancan ya sha kaye. Wannan ya ci riba, wancan ya sha wahala. Ana shan mari, ana shan kashi, ana shan rana, ana shan ɗauri. Ba mu ce doka ce da ba ta da togiya ba, don wani mai karatu zai rubuto ya tuna mana cewa ɓarawo yakan ci na jaki, mai hutawa kuma iska yake sha. Mun sani. Amma a mafi yawan magana, da ka ji "ci" ko "sha" ka san wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Buroka ya haɗa su ya zuba a tukunya ɗaya. Minista "chop", ɓarawon da ake duka "chop", wanda ya zo na ƙarshe "chop". Ku dubi karin maganar nan da kowa ya sani a ƙasar nan, mai cewa biri ke aiki gwaggon biri ke "chop". Namu na gida ya fi shi fayyace zance: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. An faɗi abin da kura ta sha, an faɗi abin da gardi ya kwasa.

Na biyu kuma, wanda ya fi wancan nauyi: Bahaushe in ya ce an ci, sai ya faɗi abin da aka ci. Wanda aka ba ajiya ya taɓa, amana ya ci. Ma'aikacin da ya karɓi na goro kafin ya sa hannu, hanci ya ci. Wanda ya kunyata babba a gaban jama'a, mutunci ya ci. Mai ƙarfin da ya danne marar ƙarfi, zali ya ci. Wanda ya zo da sunan taimako ya cika aljihunsa, ci da ceto ya yi. Mai hana leburansa haƙƙinsu, da guminsu yake ci. Kowane ɗaya da sunansa, kuma kowane suna da ɗacinsa. Ba wanda za a ce masa maci amana a gaban masallaci ya yi dariya. Amma ka ce "he chop the money", sai ka ga mutane suna murmushi, wani ma ya ƙara da cewa "man must chop". Kalmar ta mayar da sata ta zama yunwa, yunwa kuwa ba a kai ta kotu.

Ku lura da wannan abin al'ajabi. Kalmomi biyu ne rak, "chop" da "money". In mace ta faɗe su da safe, haƙƙinta da na 'ya'yanta take nema, halal tsantsa. In jarida ta buga su a kan wani babban ma'aikaci, ɓarawo take nufi. Baƙaƙe ɗaya, jeri ɗaya. A Hausa kuwa sai an juya su: wancan kuɗin ci ne, wannan cin kuɗi ne, kuma ko yaron goye ya san ba ɗaya ba ne.

Bari mu tsaya kaɗan a kan na safen, don shi ne ke raba aure a Zango fiye da kishiya. Hirar kusan iri ɗaya ce a kowane gida:

"Alhaji, ba ka bar na cefane ba."

"Haba Hajiya, jiya fa na ba ki dubu ɗari biyar."

"Alhaji, dubu ɗari biyar ɗin nan sidi 50 ne. Ka zo mu je kasuwa tare ka gani."

Tun watan Yulin 2007 aka canza kuɗin ƙasar nan, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har yau akwai magidanta da in za su bayar da tsohon lissafi suke ƙirgawa, in za su karɓa kuma da sabo. Mun ga alama tsohon ya fi cika baki. Ba kuma laifin maza kaɗai ba ne, gaskiya. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, mafi ƙarancin albashin yini kuma a 2024 sidi 18 ne da 'yan fesuwa. Mai gadi ko ɗan dako da ke kan wannan ma'auni, ga haya, ga wuta, ga ruwan saye, ga kuɗin mota, me zai ajiye a kan tebur? Abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba shi ne, rabin tukunyar Zango mata ne ke ɗora ta. Mai koko da ƙosai da ke tashi tun kafin kiran assalatu, mai shinkafa da wake, mai fura, mai tuwon zafi da yamma, mai zuba adashi, su ne ke cike giɓin da "chop money" ya bari, sa'an nan su rufa wa maigida asiri a ce shi ke ciyarwa.

Inda kalmar ke yin ɓarna a nan shi ne, ta sa abin ya yi kama da kyauta. Sai ka ji namiji yana cewa ya yanke wa matarsa "chop money" don ta yi masa rashin kunya, kamar wanda ya hana yaro alewa. Malamanmu ciyarwa suke kiransa, kuma wajibi suka ce. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar Yara ta 1998 ta ɗora wa iyaye ciyar da ɗa da tufatar da shi da karatunsa da lafiyarsa, ko ana tare ko an rabu, kuma uwa tana iya kai ƙara kotun iyali ko ofishin jin daɗin jama'a. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta lissafa hana iyali abin masarufi da gangan a cikin nau'o'in cin zarafi. A rundunar 'yan sanda akwai sashen da aka kafa a 1998 da sunan WAJU, wanda daga baya ya koma DOVVSU, kuma ƙarar rashin ciyarwa tana cikin waɗanda ya fi karɓa. Ba muna tura mata ofishin 'yan sanda ba ne. Sarkin unguwa da liman da dattawan dangi suna nan, kuma sun fi sanin gidan. Amma su ma dattawan in an kawo musu, su kira abin da sunansa na Hausa, su ce wa mutum ka hana iyalinka abinci, su ga ko zai iya ɗaga kai.

Na jaridar kuwa, wato cin kuɗi, ƙasar nan ta daɗe tana fama da shi, kuma kowane zamani da sunan da yake ba shi. A zamanin Janar Acheampong, daga 1972 zuwa 1978, "kalabule" ake cewa, kuma dattawanmu ba su manta yadda abin ya ƙare a 1979 ba, da harbe-harbe a Teshie da rushe kasuwar Makola. A 2015 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna wa duniya hotunan alƙalai suna karɓar hanci, wasu kuɗi, wasu har da akuya, kafin shekarar ta ƙare kuma aka sallami 20 daga cikin na ƙananan kotuna. A nan kam "chop" ta koma gidanta na asali, tunda akuya dai ci ake yi. A 2017 aka yi dokar kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman domin irin waɗannan laifuffuka. Har Turawan Oxford, masu babban ƙamusun Turanci, sun sallama: a watan Janairun 2020 suka shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, a cikinsu akwai "chop" da "chop-chop" da wannan ma'ana ta cin haram. Mun ji wasu suna murna wai Turancinmu ya shiga littafi. Mu dai da wata kalmar aka ɗauka da mun fi jin daɗi.

Amma kada mu yi ta hangen manya mu manta da namu na cikin gida, don a nan ne abin ya fi ciwo. Wa bai san labarin ɗan Zangon da ke Jamus ko Italiya ko Amurka ba, yana wanke-wanke cikin sanyi shekara goma, yana aiko wa ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya kuɗi a gina masa gida a Kasoa ko Ashaiman, ana aika masa hoton ginin wani, ranar da ya sauka a filin jirgin Kotoka aka kai shi ya tarar da harsashi da ciyawa? In ka tambaya a unguwa, amsar ita ce "the brother chop am", a yi dariya a wuce, wani ma ya ce ai shi boga ne, zai samu wani. Haka kuɗin ginin masallaci, haka kuɗin ƙungiyar samari, haka gudummawar da aka tara wa marar lafiya, haka gadon marayu da ke hannun baffa. Mun san gidajen da 'yan'uwa suka shekara ba sa gaisawa a kan wannan. Da a ce ranar farko da abin ya fito wani dattijo ya dubi mutumin ya ce, "Wane, ka ci amanar ɗan'uwanka," da wataƙila na bayansa sun ji tsoro. Amma aka ce "chop", shi ke nan magana ta zama ta barkwanci.

Lokacin zaɓe ma haka. 'Yan siyasa sun san hanyar Nima da Maamobi da Kotobabi sarai in shekara huɗu ta zagayo, su zo da shinkafa da atamfa da ambulan. Samarinmu suna da fatawarsu a kan wannan: "chop" kuɗinsu, ka zaɓi wanda kake so. To, mun ji. Sai dai wanda ya raba kuɗin shi ma yana da tasa fatawar, kuma da kalma ɗaya yake karanta ta: kun yi naku "chop" ɗin, saura nawa. "Chop make I chop", ci mu ci. Shi ya sa gotar da aka yi alkawari tana nan yadda take, damina na zuwa tana shiga ɗakunan mutane.

Kada wani ya ɗauka yaƙi muke yi da buroka. Ina! Harshe ne mai rai, ya ciyar da kakanninmu a tashar jirgi, yana ciyar da 'ya'yanmu a tashar mota, mawaƙa suna cin abinci da shi, BBC ma ta buɗe masa sashe a 2017. Malaman makaranta sun shekara da shekaru suna dukan yara a kansa bai mutu ba. Abin da ya kamata yaro ya sani kawai shi ne inda ake shiga da shi da inda ake tuɓe shi a bakin ƙofa. Mai duba takardar BECE ko WASSCE ba ruwansa da ƙamusun Oxford na 2020, in ya ga "chop" a wurin "eat" jan biro zai sa. Wanda ya je neman aiki a banki ya ce da manaja yana son ya "chop post", ya dawo gida ya ci tuwo.

Damuwarmu ta fi karkata ga ɗaya ɓangaren. Yaron Zango yana tashi da baki uku ko huɗu: Hausa a gida, buroka a titi, Turanci a aji, Tonanci ko Ga a kasuwa. Wannan arziki ne babba. Amma Hausa ba ta da malami. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita, amma ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauka ake koyarwa a makarantu, saboda haka ɗanmu a Kotobabi zai zauna jarrabawar Ga ko Tonanci, harshen da yake mafarki da shi kuwa ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake rubuta shi. Mutanen Kano sun daɗe suna yi mana dariya wai mun haɗa mace da namiji a magana, mu ce "yarinya ya zo". Wannan bai taɓa hana mu barci ba, Hausarmu ce, kuma ta kai mu inda ta kai mu. Wanda ya kamata ya hana mu barci shi ne yaron da ya san "chop" iri goma amma bai taɓa jin "ci da ceto" ba, bai san bambancin cin fuska da cin dunduniya ba, in ka ce masa wane ci-ma-zaune ne sai ya tsaya yana kallonka. Kalmomin da ake auna hali da su ne ke fita daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ana maye gurbinsu da guda ɗaya tak wadda ba ta zargin kowa.

Maganin ba ya bukatar sisin kwabo. In yaro ya shigo ya ce, "Mma, that man chop am," sai uwa ta ce, "Faɗa mini da Hausa. Ci ya yi ko sha ya yi? In ci ne, me ya ci?" Za ku ga ya tsaya yana lalube. In ya ce kuɗi, a tambaye shi na wa. In ya ce na ƙungiya, a gaya masa sunan wannan amana. Malaman makarantun allo da na Islamiyya, waɗanda su ne kaɗai ke karantarwa da Hausa a unguwannin nan, su ma suna iya sa hannu, tunda yaran suna gabansu kowace Asabar da Lahadi.

Mun san ba mu ƙure ma'anonin wannan kalma ba. Masu karatunmu na Sabon Zango da Fadama da Madina, da na Kumasi da Tamale, in akwai wata "chop" da ake yi a wajenku wadda ba ta iso Kotobabi ba, ku rubuto mana ta ofishin jarida, ku haɗo da yadda za a faɗe ta da Hausa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki "dash", wadda ita ma take kwana tsakanin kyauta da hanci.